Wai me Farfesa Amartya Sen ya gano ne da har ya ci Nobel?

Sarkin_Musu:
Salamu alaikum jama'a. Tambayata ga 'yan tattalin arzikin gidan nan ne, kuma don Allah kar wanda ya kira ni jahili tun ban kai aya ba. Duk inda aka taɓo maganar talauci sai na ji an jefo sunan wani farfesa ɗan Indiya wai shi Amartya Sen, har da kyautar Nobel a 1998. Na bi tarihinsa, bawan Allah bai taɓa riƙe babban banki ba, bai yi ministan kuɗi ba, ko kamfanin ashana bai buɗe ba, daga wannan jami'a sai waccan, Kalkata, Kambirij, Delhi, Landan, Oksfod, Harvard. Kuma wai babban abin da ya gano shi ne mutane na mutuwa da yunwa ne saboda ba su da halin sayen abinci. To wannan ma sai an yi digirin digirgir? Ni dai a ganina malamin falsafa ne ya ari rigar 'yan tattalin arziki, in akwai mai ja ya fito.

Ƙanwar_Kowa:
Wa alaikumus salam. Sarki ya tashi da abin nasa yau hhh, bari in gyara zama.

Tsohon_Lakcara:
Ɗana, abin da kake gani kamar kowa ya sani, ai don an riga an faɗe shi ne sama da shekara arba'in har ya zama ruwan dare. Kafin littafinsa na 1981, Poverty and Famines, yawancin gwamnatoci da hukumomin agaji lissafinsu guda ne, tan nawa na hatsi ke ƙasa, a raba da yawan jama'a, in lissafi ya fita to sai a ce babu matsala kowa ya je ya kwanta. Shi kuwa sai ya koma kan babbar yunwar yankin Bengal na Indiya ta 1943 wadda ya gani da idonsa yana ɗan shekara 9, ya tono alƙaluman amfanin gona da na farashin shinkafa da na ladan ƙwadago, ya nuna cewa abincin da ke Bengal a 1943 ya ma fi na 1941, alhali a 1941 ba a yi yunwa ba, amma a 1943 mutum wajen miliyan 3 suka tafi a ƙiyasinsa.

Lokacin ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, Japan ta ƙwace Bama a 1942 shinkafar da ke shigowa daga can ta yanke, Turawan mulkin mallaka na ta zuba kuɗi a harkar yaƙi, ana saye wa ma'aikatan Kalkata abinci ko nawa ne, 'yan kasuwa suka tsorata suka ɓoye kaya, farashi ya ninka ya sake ninkawa amma ladan lebura a ƙauye bai bi shi ba. Sai ya yi tambayar da ba a saba yi ba, su wane ne suka mutu? Leburorin gona marasa ko taku ɗaya na ƙasa, masunta, masu dako, masu aski. Mai aski bai rasa askarsa ba, ba kuma fari ne ya ci gonarsa ba don ba shi da ita, mutane ne kawai suka daina aski saboda ɗan abin da ke hannunsu na shinkafa ne. Manomin da ke girbe tasa shinkafar ya fi shi tsira nesa ba kusa ba. In ka gane haka ai maganin ma ya canza, ba jiran jirgin hatsi kaɗai ba, a sa kuɗi ko aikin yi a hannun wanda sana'arsa ta mutu.

Sarkin_Musu:
Baba na ji, Allah ya ƙara girma. Amma wannan ai tarihi ne ya rubuta, ina tattalin arzikin? Kuma misali ɗaya ne tal.

Tsohon_Lakcara:
Ba ɗaya ba ne. A littafin akwai Habasha, yunwar Wollo ta 1973 inda ana yunwar ana fitar da hatsi daga lardin zuwa inda masu kuɗi suke, akwai yankin Sahel na farkon shekarun 1970, akwai Bangaladash ta 1974 wadda shekarar da aka fi samun abinci ce tsakanin 1971 da 1975 amma ita aka yi yunwar, don ambaliya ta hana leburori aikin dashen shinkafa tun kafin a ji ƙarancin a rumbu.

Ɗan_Lissafi:
@Sarkin_Musu kai wallahi ka ban dariya da ka ce ɗan falsafa ne kawai. Je ka nemo littafinsa na 1970 kan yadda al'umma ke yanke shawara a tare, ka buɗe babukan da aka sa wa tauraro, in ka wuce shafi uku ba ka nemi maganin ciwon kai ba ka zo in ba ka tukuici. Haka ya tsara shi, babi ɗaya bayani da baki, na gaba tsantsar lissafi. Asalin fagensa kenan tun kafin maganar yunwa. Kenneth Arrow ne a 1951 ya tabbatar da cewa babu wata hanyar haɗa zaɓin mutane daban-daban a fitar da zaɓin al'umma wadda za ta cika wasu 'yan sharuɗɗa masu sauƙi gaba ɗaya, sai dai a bar wa mutum ɗaya ya yi kama-karya. Ka ɗauki mutum uku da abu uku, na farko ya fi son A sai B sai C, na biyu B sai C sai A, na uku C sai A sai B. In an kaɗa ƙuri'a A ya doke B, B ya doke C, sannan C ya juyo ya doke A, to wa ya ci? Mutane da yawa suka ɗauka shi kenan an rufe kasuwa. Sen ya ce a'a, matsalar ita ce an hana kanmu amfani da bayanin wa ya fi wa shan wahala, in aka yarda a kwatanta halin da wane ke ciki da na wane to ƙofa tana buɗewa. Kwamitin Nobel da wannan suka fara a bayaninsu, yunwar daga baya ta zo.

Gwani77:
Gyara kaɗan, kyautar tattalin arzikin ba ta cikin kyaututtukan da Alfred Nobel ya yi wasiyya da su. Babban bankin Suwidin ne ya kafa ta a 1968, aka fara bayarwa a 1969. Mu riƙa faɗin abu daidai.

Ƙanwar_Kowa:
Gwani kai kam ko a gidan biki sai ka gyara wa maroƙi nahawu.

Ɗalibar_Masta:
Ni ta wajen awon talauci na san shi, kuma ba da son raina ba. Na kai wa sufabaizana babin da na ƙirga kashi nawa cikin ɗari ke ƙasa da layin talauci ina ta murna na gama, mutumin nan ya dube ni ya ce to idan gwamnati ta karɓe daga hannun wanda ya fi kowa tsiya ta ba wa wanda ya rage kaɗan ya haye layin, me lissafinki zai ce? Na yi shiru, don lissafin cewa zai yi talauci ya ragu alhali an ƙara kashe na ƙasa ne. Sai ya turo min maƙalar Sen ta 1976 ya ce kar in dawo sai na karanta. A ciki ya haɗa abu uku, yawan matalautan, nisan da ke tsakaninsu da layin, da kuma bambancin da ke tsakanin su kansu matalautan. Na sha wuya kafin ta shiga kaina amma tun daga nan in na ji ɗan siyasa ko na wace ƙasa ce yana cewa mun fitar da mutum kaza daga talauci sai in ce waɗanne daga ciki.

Mai_Shakka:
Ku dai kuna ta yabo kamar ba a taɓa ja da shi ba. An ja fa, sosai ma. Peter Bowbrick tun a shekarun 1980 ya ce alƙaluman amfanin gonar da Sen ya dogara da su ba abin yarda ba ne, Mark Tauger kuma ya kawo maganar cutar da ta kama shinkafa a 1942 ga guguwar da ta afka wa gaɓar Bengal a watan Oktoban shekarar, ya ce girbin ya lalace fiye da yadda aka rubuta. In haka ne kuwa to akwai ƙarancin abinci na gaske. Wasu kuma suna ganin Sen ya sassauta wa gwamnatin Churchill, firaministan Birtaniya a lokacin, da ta ƙi sakin jiragen ruwa a kai hatsi, ga kwale-kwalen mutane da Turawa suka ƙwace don kar Japan ta samu. Baba @Tsohon_Lakcara ban ce ba ka da gaskiya ba amma a faɗi duka.

Tsohon_Lakcara:
Madalla, haka ake so. Musun adadin girbin 1942 har gobe ana yinsa kuma ba ni zan raba shi ba. Sai dai ka lura ko da masu sukar sun yi daidai, tambayar nan ta su wa suka mutu kuma don me su, tana nan daram. Shi bai ce abinci ba ya ƙaranci ba, cewa ya yi ƙirga buhu kaɗai ba zai gaya maka wanda zai kwana da yunwa ba.

Uwar_Biyu:
Duk kun manta da abin da ni ya fi taɓa ni. A 1990 ya rubuta cewa mata sama da miliyan 100 sun ɓace a duniya, ba sace su aka yi ba, lissafi ya yi, in ana kula da mace da namiji daidai mata sun fi tsawon rai don haka sukan ɗan fi maza yawa, amma a Indiya da Sin da Pakistan sai ka ga maza sun rinjaya, to ina sauran? Sun mutu tun suna yara saboda in ciwo ya zo ɗa namiji ake fara kai wa asibiti, in abinci ya yi kaɗan shi ake fara zuba wa. Kuma @Sarkin_Musu da kake cewa daga jami'a sai jami'a, mutumin nan keke yake hawa yana zaga ƙauyukan kusa da garinsu Santiniketan ana auna nauyin yara maza da mata a sikeli, keken yana gidan tarihin Nobel a Stockholm yanzu haka.

Ɗan_Lissafi:
Hajiya kin tuna min. Akwai wata Emily Oster da ta fito a 2005 ta ce kusan rabin matan nan ciwon hanta nau'in B ne ya jawo, wai masu ɗauke da shi sun fi haihuwar maza. Aka yi ta yayatawa. Ita da kanta ta je ta sake bincike da bayanan ƙasar Sin, a 2008 ta fito ta ce hasashenta bai tsaya ba. Ni wannan ya sa nake girmama ta.

Lakcara_Ƙarami:
Ni abin da ya tsaya min a rai daban ne. Mutum bai cika 23 ba aka ba shi ya kafa sashen tattalin arziki a Jami'ar Jadavpur a 1956, ko digirin digirgir ɗin bai karɓa ba sai 1959. Mu nan gashi ya fara fari ana ce mana maƙalu ba su kai ba, a ƙaro biyu, a mujallar da ita ma sai ta shekara ba ta amsa maka ba. Anya ba gata ba ne? Babansa malamin kimiyyar sinadarai ne a Jami'ar Daka, kakansa na wajen uwa babban malami a makarantar shahararren marubucin nan na Bengal, Tagore, Tagore ɗin ma shi ya raɗa masa suna.

Tsohon_Lakcara:
Gata kam akwai, ɗan gidan malamai ne, kuma lokacin ma an yi ta surutu a Kalkata kan naɗin, har a bangon jami'a an yi masa zambo. Yadda abin ya faru, ya gama aikin kundinsa da wuri ne a Kambirij ƙarƙashin Joan Robinson, kan wace irin fasaha ta dace ƙasa mai yawan ma'aikata da ƙarancin jari ta zaɓa, dokar jami'a kuma ta ce sai an shekara uku kafin a miƙa, shi ne ya tafi gida ya yi koyarwa kafin lokaci ya cika. Daga nan kwalejin Trinity da ke Kambirij ta ba shi gurbin shekara huɗu ya yi duk abin da ya ga dama, shi kuma ya ɗauki falsafa. To ka ga inda rigar da Sarki ke magana ta samo asali. Delhi ya zauna daga 1963 zuwa 1971, sai Landan har 1977, sai Oksfod, ƙarshen shekarun 1980 ya koma Harvard, 1998 ya dawo ya shugabanci Trinity ɗin har 2004. Amma abin da nake so ka ɗauka, ɗana, shekara huɗun nan da ba wanda ya tambaye shi maƙala nawa ka fitar, su suka haifi rabin abin da muke magana a kai yau. Tsarin ƙirga maƙala da ake yi yanzu a ko'ina da wuya ya bar matashi ya yi irin wannan yawon.

Lakcara_Ƙarami:
Wallahi Baba ko wata huɗu aka ba ni na gode.

Baƙon_Gida:
Ku yi haƙuri, ba shi ne aka ce ya rasu ba kwanakin baya?

Gwani77:
Ƙarya ce aka yaɗa a Oktoban 2023, wani ya buɗe shafin bogi da sunan Claudia Goldin wadda ta ci kyautar a shekarar ya wallafa, wasu jaridu suka ɗauka ba bincike, 'yarsa Nandana ta fito ta ƙaryata.

Mai_Shakka:
Mu koma kan magana. Ɗaya iƙirarin nasa da ni ban gamsu da shi ba shi ne wai ba a taɓa babbar yunwa a ƙasar da ke da dimokuraɗiyya mai aiki da 'yancin jarida ba. Masu suka sun kawo Malawi a 2002 da Nijar a 2005, duka akwai zaɓaɓɓiyar gwamnati a lokacin. Sai magoya bayansa su ce ai dimokuraɗiyyar ba mai aiki ba ce, ko kuma yunwar ba ta kai babba ba. To in duk misalin da aka kawo sai ka ce bai cika sharaɗi ba, yaushe za a taɓa kama ka?

Alƙalami:
A nan ina tare da kai rabi. Amma dubi inda ya samo ta. Sin tsakanin 1959 da 1961 mutum wajen miliyan 30 a ƙiyasin da aka fi ambata, babu jaridar da ta isa ta buɗe baki, jami'an lardi na aika rahoton ƙarya sama don kar a ce sun gaza. Indiya kuwa tun samun 'yanci a 1947 ba ta sake ganin irin ta 1943 ba, ko farin jihar Maharashtra na 1972 zuwa 1973 da ya yi muni gwamnati ta ɗauki mutum wajen miliyan 5 aikin hanya da tono tana biyansu, don ta san akwai majalisa akwai zaɓe. A Bengal ɗin ma sai da jaridar Statesman ta buga hotunan gawarwaki a titin Kalkata a Agustan 1943 sannan Landan ta fara jin kunya. Kuma shi da abokin aikinsa Jean Drèze ba su ɓoye ɗaya gefen ba, sun rubuta cewa yunwar yau da kullum da rashin asibiti a Indiya, wadda ba ta shiga kanun labarai, duk shekara takwas tana cin rayukan da suka fi na waccan yunwar ta Sin. Wato ƙuri'a na hana abin da kyamara za ta ɗauka, ba lallai ta hana wanda ke cin mutane a hankali ba.

Sarkin_Musu:
To kun gani, Sin ɗin da ba zaɓe ita ta fi ciyar da mutanenta daga baya. Ashe a fara tara arziki kawai sauran zance ne.

Ɗalibar_Masta:
Yaya Sarki wannan rigimar ai an yi ta da manya, a 2013 Sen da Jagdish Bhagwati na Jami'ar Columbia har a shafukan jaridu, kuma tsoffin abokan aiki ne tun Delhi. Bhagwati na cewa a saki kasuwa arziki ya haɓaka tukuna sannan a samu abin kashewa a makaranta da asibiti, ana misali da jihar Gujarat ta Indiya, ɓangaren Sen na cewa jahili mara lafiya ba zai haɓaka maka komai ba, ana misali da jihar Kerala. Sen ma cewa yake Sin ta riga ta zuba jari a karatu da lafiya tun kafin ta buɗe kasuwa a 1978, don haka misalinka na iya juyowa ya cije ka.

Alƙalami:
Kuma ma'aunin ci gaban ɗan Adam da Majalisar Ɗinkin Duniya ke fitarwa tun 1990, mai haɗa tsawon rai da ilimi da kuɗin shiga, akwai hannunsa a ciki. Abokinsa tun suna ɗalibai a Kambirij, Mahbub ul Haq ɗan Pakistan, shi ya matsa. Sen da farko ƙi ya yi, yana ganin ba za a dunƙule rayuwar mutum a lamba ɗaya ba, Mahbub ya ce in ba ka ba 'yan siyasa lamba ɗaya ba to za su ci gaba da kallon ta kuɗi ita kaɗai. Tunanin da ke ƙarƙashi na Sen ne, kar ka tambayi me mutum ya mallaka, tambayi me yake iya yi da shi. Keke a hannun mai ƙafa sufuri ne, a hannun gurgu kuwa ƙarfe ne kawai.

Sarkin_Musu:
Yauwa, Alƙalami ka kawo min hujja da hannunka. Mahbub ul Haq ya yi ministan kuɗin Pakistan, Manmohan Singh da shi ma ya koyar a Delhi ya riƙe babban bankin Indiya ya yi ministan kuɗi a 1991 ya zo ya yi firaminista. Waɗannan su na sani masana tattalin arziki, sun shiga ruwa sun jiƙe. Naku yana bakin gaɓa yana ba da shawara.

Uwar_Biyu:
Kuɗin kyautar tasa ma gidauniya ya kafa da su, Pratichi, a Indiya da Bangaladash, suna bin makarantun firamare da harkar lafiya. Wannan ma bakin gaɓa ne?

Ɗan_Lissafi:
Sarki in da riƙe ofis ne ma'auni to Arrow ma ba masani ba ne kenan, sai mu rufe rabin sassan tattalin arzikin duniya. Ministan da kake yabo da wane awo zai san manufarsa ta yi aiki in ba wani ya zauna ya ƙera masa awon ba?

Mai_Shakka:
Ni har yanzu ba wanda ya amsa min maganar Malawi. @Alƙalami ka zaga ka tafi Sin ka dawo.

Alƙalami:
Na ce ina tare da kai rabi ai, sauran rabin sai na dawo daga aiki.

Baƙon_Gida:
Don Allah wanda bai iya lissafi ba da wanne zai fara? Na 1970 ɗin nan da Ɗan_Lissafi ya kwatanta ya riga ya tsorata ni.

Tsohon_Lakcara:
Fara da Development as Freedom na 1999, babu lissafi a ciki. In ka gama sai ka ɗauki na 1981 ka tsallake rataye na ƙarshe ka tafi kai tsaye babin Bengal, sannan ka nemi abin da Tauger ya rubuta ka karanta su gefe da gefe. @Lakcara_Ƙarami ka turo min maƙalar taka da aka dawo da ita in duba maka kafin ka sake aikawa.